Allurar ciwon hanta na B tana cikin Penta

Ƴar'uwa, kin tambaya ko jaririnki na buƙatar allurar ciwon hanta na B daban, tun da an fara yi masa Penta a likita nan Damagaram. Duba katin allurarsa. Penta cututtuka biyar take karewa, ciwon hanta na B yana cikinsu, tare da tarin shiƙa da tsinkau-tsinkau. Ana yin ta sau uku: sati 6, sati 10, sati 14 da haihuwa. In ya samu ukun duka, kin gama da ta ciwon hanta na B. Matsalar dai mata da yawa sukan tsaya a ta farko saboda ɗan zazzaɓin da ke biyo baya, alhali kwana ɗaya ko biyu ne ya wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne ke kanki. An taɓa auna jininki? Uwa mai ƙwayar cutar tana iya sa wa jariri lokacin haihuwa, kuma kusan 9 cikin 10 na jariran da suka kamu a lokacin, cutar takan zauna musu har girma. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke so a yi wa jariri allurar ciwon hanta na B ita kaɗai cikin awa 24 na farko bayan haihuwa. In Allah ya kawo wani cikin, ki tambayi ungozoma game da gwajin jinin da wannan allurar tun wajen awo.