Me ya sa littafin Vitruvius ya sha sharhi?

Malam, ka tambaya me ya sa masanan Italiya na ƙarni na 16 suka yi ta sharhi a kan littafin gini na Vitruvius, masanin gine-gine na tsohuwar Rum, alhali mai littafin ya riga ya yi bayani.

Ai bayanin ne bai fito fili ba. A zamanin Sarki Augustus na Rum ya rubuta shi, kashi goma, amma zane-zanensa sun ɓace, rubutun kaɗai ya tsira. Zai kwatanta naɗin kan ginshiƙi, mai kama da ƙahon rago, ya ce a duba zane a ƙarshe, zanen kuwa babu. Ga Latin mai tauri cike da Girkanci, har Alberti, masanin gine-gine ɗan Italiya na ƙarni na 15, ya koka.

Sai kowa ya shiga cike gurbi. Fra Giocondo ya buga shi a Venice a 1511 da zane 136. Cesariano ya fassara shi zuwa Italiyanci a 1521, sai dai ya kawo misali da babban cocin Milan, wanda ba ruwansa da tsarin Rumawa. Ni na fi yarda da sharhin Daniele Barbaro na 1556, don mai tsara gine-gine Palladio ne ya yi masa zane, shi kuwa ya je Rum ya auna tsoffin gine-ginen da kansa.