Tambayoyinku: Tanderun lantarki mai haɗa tururi da gashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin canza tanderun kicin ɗina, sai aka ba ni shawarar in sayi mai tururi. Na duba kala biyu, duk an rubuta suna da tururi, amma ɗaya ya fi ɗaya tsada nesa ba kusa ba. Mene ne bambancinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Akwai tanderu na gashi zalla da aka ƙara wa ɗan wurin zuba ruwa, yana feso tururi sau ɗaya zuwa uku cikin gashi, ko kuma a zuba ruwan a wani ɗan loko a ƙasansa ya ƙafe. Wannan yana taimaka wa burodi, amma ba zai turara miki kifi ko shinkafa ba. Na ainihin yana da aiki uku: tururi zalla daga kamar digiri 30 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, busasshen zafi da fanka ke zagayawa da shi har wajen digiri 230, sai kuma haɗin biyun, inda ke za ki zaɓi zafin, ki kuma zaɓi yawan laimar. Ki tambayi mai sayarwa abu ɗaya: zai iya girki da tururi kaɗai a digiri 100? In ya fara kame-kame, to na farkon ne.

Sai ki duba inda ake haɗa tururin. Wanda ke da ƙaramar tukunyar tafasa ruwa a wajen ɗakin gashin ya fi saurin cika ciki da tururi, kuma maiƙon nama ba ya ɗiga cikin ruwan. Girma kuma, na cikin kabad faɗinsu santimita 60 ne, tsayin ko 45 ko 60. In shi kaɗai ne zai zama tanderun gidan, ɗauki mai 60, domin ƙaramin kan matse idan aka sa babban tire da kaza biyu. Na cikin kabad kan ci wuta kilowat 3 ko fiye, saboda haka mai gyaran wuta ya duba wayar da za a jona shi kafin a kawo shi gida. Kuma in akwai mai tsinken auna zafin cikin nama, kada ki bar shi.

Tambaya: Malam, mai tanki ya fi ko wanda ake jonawa da famfo?

Amsa: Tankin yawanci lita ɗaya ne ko ɗaya da 'yan kai, kuma yakan isa girkin kusan awa guda da tururi zalla, in ya kusa ƙarewa tanderun ya yi ƙara a ƙara masa. Na famfo ya raba ka da wannan hidimar, sai dai yana buƙatar bututun shigowar ruwa, wasu har da na fita, ga aikin mai gyaran famfo. Ga gida mai girki sau biyu ko uku a rana, mai tanki ya wadatar. Ka dai zaɓi wanda ake ciro tankinsa ba tare da an buɗe ƙofar ba, don duk buɗewa ɗaya tururin da aka tara ne ke tsiyayewa.

Tambaya: Na gasa kaza da haɗin tururi da zafi. Naman ya yi laushi sosai, amma fatar ta fito fari fat, tana jan hannu kamar roba. Burodina ma haka, ɓawonsa ya ƙi yin ja. Ko tanderun ne ya sami matsala?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, 'yar uwa. Kin bar tururin ne daga farko har ƙarshe. Jan da abinci ke yi a wuta ba ya kankama sai samansa ya bushe ya haura wajen digiri 140, kuma muddin akwai ruwa kwance a kan fatar, zafin wurin ba zai wuce 100 ba, ko da kin kai tanderun ƙarshen lambarsa. Don haka gashin mataki biyu ne, laima tukuna, bushewa daga baya.

Ga kaza mai kilo ɗaya da rabi: ki tsane fatar da tawul ɗin takarda, ki shafa gishiri da ɗan mai. Ki sa a digiri 170 da laima kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na kamar minti 40. Sannan ki kashe tururin gaba ɗaya, ki ɗaga zafin zuwa 220 na minti 10 zuwa 15. Za ki ga fatar ta fara ƙyalli, tana kumbura tana tsartuwar mai, a nan ne take ɗaukar launi. Ki soka tsinken a kaurin cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba, in ya nuna 75 ta nuna. A bar ta ta huta minti goma kafin a yanka.

Burodi kuwa shi ne inda wannan na'ura ta fi nuna gwanintarta. A mintunan farko kwaɓin na kumbura da ƙarfi, kuma in samansa ya bushe da wuri sai ya ƙandare ya hana shi tashi, ko ya tsage ta gefe. Tururi na riƙe saman da taushi har kumburin ya gama, yana kuma narka sitacin da ke fuskar kwaɓin, wanda shi ne ke zama ɓawo mai sheƙi daga baya. Ki ɗumama tanderun zuwa 220, ki ba da laima mai yawa na minti 10 zuwa 15, sai ki kashe ta, ki sauke zuwa 200, ki ƙarasa minti 20 zuwa 25 a bushe. Cikin burodin da ya gasu yakan kai digiri 95. Af, tashin kwaɓi ma ana yinsa a ciki, a digiri 30 zuwa 35, ba sai an rufe kwanon ba.

Tambaya: Wane tire ake amfani da shi wajen turara abinci? Na ga mai huji-huji da marar huji.

Amsa: Mai hujin na kayan lambu ne da dankali da ƙwai, don tururi ya ratsa ta ko'ina. Karas yankakke minti 8 zuwa 10 a digiri 100, dankali a yanka huɗu minti 20 zuwa 25. Kullum a sa marar huji a ƙasa ya tari abin da ke ɗiga. Shinkafa tana son marar huji: kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya da rabi, a buɗe, minti 20 zuwa 25. Kifi kuma ba ya son 100, a digiri 85 yanka mai kaurin santimita biyu zai nuna cikin minti goma bai farfashe ba. Bakin ƙarfe marar tsatsa ya fi, domin kwanon tangaran mai kauri yana jinkirta girki.

A kula wajen buɗe ƙofa. Tururin da ya haura digiri 100 ido ba ya ganinsa, kuma ƙunarsa ta fi ta tafasasshen ruwa muni. A tsaya a gefe, a ɗan buɗe kaɗan ya fice, sannan a miƙa hannu.

Tambaya: Wata takwas da sayen nawa, yanzu tururin ya ragu, yana daɗewa bai tashi ba, kuma in na buɗe ina jin warin gumi. Me zan yi?

Amsa: Malam, abu biyu ne suka haɗu maka. Raguwar tururin daga farin ɓawon nan ne da kake gani a gindin butar dafa ruwa. Sinadarin kalsiyam ne da ke cikin ruwa, in ruwan ya ƙafe shi sai ya zauna, ya lulluɓe ƙarfen da ke tafasa ruwan, ya tsuke bututu. Tanderun na da shirin wanke wannan ɓawo, kuma yana ƙidaya lokacin ne bisa nauyin ruwan, wato yawan kalsiyam ɗin da ke cikinsa, da aka shaida masa ranar da aka kafa shi. In ba a saita daidai ba, yana iya tuna maka a makare. Ka gwada ruwanka da ɗan tsinken takardar gwaji da ke zuwa cikin kwalin, ka gyara saitin, sannan ka kunna shirin da maganin da kamfanin ya ambata. Kada ka zuba ruwan binega, yana cin robobin ciki. Batun tataccen ruwa marar ma'adini kuwa, sai ka duba littafin naka tanderun: wasu kamfanoni shi suke so, wasu sun hana, saboda na'urar da ke gane akwai ruwa a tukunyar ba ta jinsa.

Warin kuma na ruwan da ke kwana ne. Bayan kowane girki a juye tankin, a goge ciki da soso mai laushi, musamman ƙasa da kwatamin da ke ƙarƙashin ƙofa, a bi robar bakin ƙofar da ɗanyen tsumma. In akwai shirin busarwa a kunna shi, in babu, minti goma na busasshen zafi a digiri 100 ya isa. Daga nan a bar ƙofar a ɗan buɗe kamar faɗin yatsu biyu har ya huce.