Gidan haya ne, duba ƙofar fita kafin ka shiga

Ka tambaye ni wai me ya sa muke wahalar da kanmu da hayar saba, wato kwamfutar da shafin intanet ke zama a kai, da girka manhajar gina shafi ta WordPress, alhali ga dandalin gina shafi irin su Wix, Squarespace da Blogger, mutum ya ja hoto ya ajiye, kafin yamma shafi ya hau. Da ba zan tanka maka ba, don tambaya ce ta wanda bai taɓa kwashe shafi daga wani wuri zuwa wani ba. Amma ta fama min wani tsohon miki, saboda haka ajiye wayar nan ka saurara.

Ban raina su ba. Saba tasu ce, su ke sabunta manhaja, su ke toshe kafofin masu kutse, takardar SSL da ke sa ɗan makulli a gefen adireshi tana zuwa da kanta, ta sabunta kanta. Ba wanda zai tashe ka tsakar dare wai shafi ya faɗi don ƙarin manhaja biyu sun yi karo. In aikin shafuka biyar ne zuwa goma, su wane ne mu, me muke yi, hotuna da fom ɗin tuntuɓa, ɗora shi a can ka huta, mai shi ma zai iya canza lambar waya ba tare da ya neme ka ba. Buɗe akawun da zaɓen zubin shafi kuwa, in sai an koya maka, ka nemi wata sana'ar.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar tashi. Wix ba ya ba ka shafinka ka kai wata saba, a wurinsu kaɗai yake aiki. Squarespace zai ba ka fayil na XML mai ɗauke da abin da ke shafin, amma rubuce-rubuce ne da wasu shafuka, fasalin da ka ɓata mako kana gyarawa ba ya biyo ka. WordPress.com ya fi su sauƙi tunda manhajar ɗaya ce da wadda muke girkawa, sai dai hotuna ba sa cikin fayil ɗin, adireshinsu kawai ke ciki. Sabon shafi ne ke zuwa ya ɗebo su daga tsoho. Ka rufe tsohon kafin ka gama, ka tashi da ramuka inda hotuna suke.

Wani mai sayar da kaya ya zo min da shafinsa a ɗaya daga cikin irin waɗannan dandali. Kasuwa ta buɗe masa, yana son farashin sari daban da na ɗai-ɗai, yana son kuma hanyar karɓar kuɗi da dandalin bai yarda da ita ba. Can ba ka da ikon taɓa abin da ke ƙarƙashi, abin da suka ba ka shi ke nan. Muka yi ciniki, ya ba da rabi. Kayan suka fito a CSV, fayil mai jeri layi-layi, amma bayanin kala da girma ya cakuɗe, na yi mako uku ina gyarawa layi-layi, ina sauke hotuna ɗaya bayan ɗaya. Adireshin kowane kaya ya canza, na zauna na rubuta turawar 301, mai kai mutum daga tsohon adireshi zuwa sabo, ga kowanne don kada wanda ya zo daga Google ya tarar da shafi babu. Duk wannan ba ya cikin cinikin, ban kuma ce uffan ba.

Ranar juyawa zuwa sabuwar saba na canza sabobin suna, masu riƙe da bayanan domen ɗin, wato sunan shafin a intanet, na saita layukan A da CNAME masu nuna inda shafi yake, shafi ya hau tsaf. MX na manta. Layuka 'yan kaɗan, su ke gaya wa duniya inda za a kai imel. Tsohon dandalin ne ke riƙe da su shiru, ina juyawa suka ɓace. Kwana uku saƙon masu saye na komawa ga masu shi, ba wanda ya lura. Laifina ne, na amsa, na gyara cikin minti goma. Shi kuwa faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Saba da sunansa, domen da sunansa, kalmar sirrin shugaba na riga na miƙa masa don kirki. A daren ya canza ta, ya goge akawun ɗina, ya ce asarar da na ja masa ta cinye cikon kuɗina. Shafin yana nan yana aiki har yau, da hannuna a kowane layi.

Ku yaran yanzu kun kalli bidiyo biyu kun sa wa kanku suna injiniya, amma a ce ku karanta DNS, rajistar da waɗannan layuka ke ciki, sai ido. Kafin ka taɓa komai, kwafe duk layukan da ke ciki, A, CNAME, MX da TXT, har da SPF da DKIM masu tabbatar da cewa imel daga gare ka yake, in ba haka ba imel zai tafi amma ya faɗa kwandon shara. Rage TTL, wato tsawon lokacin da sauran sabobi ke riƙe tsohon bayani, zuwa daƙiƙa 300 kwana ɗaya kafin juyawa. Canjin sabobin suna yana iya ɗaukar awa 48 kafin ya game ko'ina, don haka tsohon shafi ya zauna a raye, ka biya masa wata guda na ƙari in ta kama.

Domen ɗin kyauta da suke bayarwa a shekarar farko ma ka yi hattara da shi. Sabon rajista yana kulle kwana 60 ba ya ƙaura, bayan nan sai ka buɗe makullin, ka karɓi lambar izinin ƙaura, ka jira kwana biyar zuwa bakwai. Na fi son a saye shi daban a wurin mai rajista, da sunan mai shafin da imel ɗinsa, a nuna shi zuwa dandalin kawai.

Aikin da ke hannunka yanzu, koma ka tambayi matar da ta ba ka shi abin da take son shafin ya yi nan da shekara biyu. In bayani ne da hotuna, ɗora mata a Wix ko WordPress.com, ka gina a akawun ɗinka, ka mayar mata da mallaka ranar da cikon kuɗi ya shigo. In ta ambaci sari, ko rajistar mambobi, ko haɗawa da manhajar lissafinta, kawo min takardar kafin ka faɗi farashi.