Zuciyar Baba tana bugawa ba tsari: wane likita za mu bi?

Tambaya: Likita, mahaifina yana da shekara 68, kuma yana fama da hawan jini. An yi masa gwajin bugun zuciya na ECG, aka ce yana da ciwon AF, wato zuciya tana bugawa ba tsari. Wani likita ya ce ƙwayoyi sun isa, wani kuma ya ce sai an yi masa aikin ƙona wurin da matsalar take a zuciya. Wa za mu bi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Kafin ki tsaya kan ƙwaya ko ƙonawa, akwai tambayar da ta fi su gaggawa: an ba shi maganin tsinka jini?

A wannan ciwon, ɗakunan zuciya biyu na sama ba sa matsawa yadda ya kamata, rawa kawai suke yi. Ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, za ki ji bugun yana gudu, ya tsaya, ya sake ɗauka ba ƙa'ida. Jinin da ya kwanta a ɗakin hagu yana iya daskarewa, gudan ya haura ƙwaƙwalwa. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ninkawa kusan sau 5. Shekarun Baba da hawan jininsa sun ba shi maki 2 a ma'aunin wannan haɗari da muke amfani da shi, wanda ya isa a fara maganin tsinka jini irin su apixaban ko rivaroxaban. Idan hoton zuciya ya nuna ƙofar mitral, wadda ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya, ta tsuke sosai, ko an sa masa ƙofar ƙarfe, to warfarin ne, a riƙe gwajin INR, wanda ke auna tsinkewar jini, tsakanin 2 da 3, ko sama da haka ga wasu masu ƙofar ƙarfe. Asfirin ba ya maye gurbinsu, ina roƙonki kada a dogara da shi.

Likitocin biyu kuwa ba lallai ne wani ya yi kuskure ba. Idan Baba ba ya haki, ƙwayar bisoprolol kan iya saukar da bugun ƙasa da 110 a minti. Idan yana jigata, ko ciwon sabo ne, ƙonawar tana da amfani, kuma likitan zuciya da ya ƙware a wutar lantarkinta ne ke yin ta.

Ni dai likitan da zan miƙa wa mahaifina shi ne wanda zai duba ƙoda da maƙoƙo, ya tambayi ko Baba yana minshari yana ɗauke numfashi cikin barci. Ki tambaye shi sau nawa yake yin aikin a shekara, da kuma ko Baba zai ci gaba da maganin tsinka jini bayan ƙonawa. Ga mai maki irin nasa, galibi ana ci gaba.