Yaya, ga abin da ya sa muke musu a kan Hurts da Mahomes

Yaya, gaisuwa da fatan alheri. Ka ce ka ga yaranmu suna ta cacar baki a kan wasu Mahomes da Hurts, har dattawan masallaci suna sa baki, kana tambaya ko mun bar Firimiya da Kano Pillars ne. Ba mu bari ba, har yanzu safiyar Asabar ta Arsenal da Chelsea ce a gidajenmu. Amma ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka da hannu, ta hannun 'ya'yanmu ta shigo mana gida. Kuma mazaunin Filadelfiya ba shi da inda zai ɓuya mata: direban bas, malamar makaranta, mai gadin asibiti, kowa da koriyar rigar Eagles, ƙungiyar garin.

A wasan, mutum 11 ne kowane ɓangare. Masu kai hari ana ba su dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sake ba su wasu huɗun. Kusan kowane motsi daga hannun mutum ɗaya yake tashi, shi ne kwatabak. Koci yana yi masa magana ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa, shi ya sanar da sauran goma, ya dubi yadda abokan hamayya suka jeru, in abin bai yi masa ba ya sauya shiri nan take. Cikin kamar daƙiƙa uku zai jefa ƙwallon, ko ƙartai su danne shi. A tamaula laifi rarrabuwa yake. A nan in an ci shi ne, in an faɗi ma shi ne.

Shekara da shekaru baƙar fata ba ya samun wannan gurbi cikin sauƙi, ana ganin gudu ne nasa, jagoranci na wasu. Sai a 1988 Doug Williams na Washington ya zama baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin ƙwallon Amurka, a gurbin. A Fabrairun 2023 kuma aka wayi gari masu jan ƙungiyoyin biyu da suka kai Super Bowl duk baƙaƙe ne, karo na farko a tarihi: Patrick Mahomes na Kansas City Chiefs da Jalen Hurts na Eagles. Yaya, 'ya'yanmu a nan aka haife su, a titi ba mai tambayar Kano ko Maraɗi ko Zangon Kumasi, baƙaƙen Amurka ake ganinsu. Ranar da suka ga mai kama da su yana ba da umarni mutum miliyan ɗari suna kallo, mu iyaye ba za mu ce ba ruwanmu ba.

Ranar wasan a gidan ɗayanmu ake haɗuwa, a yi magariba, a sauke tuwo da fukafukan kaza saboda yara. Ƙarfe shida da rabi ake farawa, lokacin ku sha biyu da rabi na dare. Hutun rabin lokaci da ake kiɗa da rawa, mu a kashe sauti a yi isha'i. Giya da caca da suka cika tallace-tallacen daren ba sa shiga tsakar gidanmu.

A 2023 Chiefs suka ci 38 da 35. Mahomes ya ƙarasa wasan yana ɗingishi da ciwon idon sawu. Hurts ya yi wasan da ba a taɓa ganin ya yi ba, amma ƙwallo ɗaya ta suɓuce masa aka ɗauka aka ci su da ita, kuma bai ɗora wa kowa laifin ba. Ranar 9 ga Fabrairun 2025 suka sake haɗuwa a New Orleans, Eagles suka rama 40 da 22. Kafin hutu 24 da nema ake. Sau shida aka kayar da Mahomes, sau biyu aka cafke jifarsa, Hurts ya zama gwarzon wasa.

Masu Mahomes, galibi samari, hujjarsu ba ta wasa ba ce: kofi uku, 2020 da 2023 da 2024, ba wanda ake ganin zai kamo bakwai na tsohon kwatabak Tom Brady in ba shi ba. Suna cewa Hurts ƙungiya ce ta goya shi, ga mai gudu da ƙwallo Saquon Barkley da ya haura yadi 2,000 a kakar 2024, ga masu tsaron baya da suka hana Mahomes sakat. Dattawa kuwa sai su tuna wa Mahomes Disambar 2023, da ya hau alƙalan wasa da faɗa bayan Buffalo ta doke su, har aka ci shi tarar dala 50,000. Samari su ce ai ya nuna nadama, kuma bayan kayen New Orleans da bakinsa ya ce shi ya gaza. Wannan gaskiya ne, kuma ina ganin girmansa a kai.

Ni dai ina bayan Hurts, ba don garinmu ba. A Janairun 2018, a wasan ƙarshe na jami'o'i, kocin Alabama ya cire shi a hutun rabin lokaci duk ƙasa na kallo, ya sa ƙaramin yaro Tua Tagovailoa, yaron ya ci kofin. Hurts ya taya shi murna a fili, bai yi zuciya ya tafi ba, ya ƙara shekara guda a benci. A Disamba Tua ya ji ciwo a wasa da Georgia, aka kira Hurts, ya shigo ana bayansu ya juya wasan. Sai bayan nan ya koma jami'ar Oklahoma, kuma a 2020 har zagaye na biyu na zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i aka kai kafin Eagles su ɗauke shi.

Wannan labarin nake ba ɗanka duk ranar da ya dawo daga makaranta ransa a ɓace, don in na kawo masa misali daga gida yakan ce ai can daban ne. In ka kira ran Juma'a ka tambaye shi da kanka. Har yanzu Mahomes ne nasa, kuma zai kawo maka hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya. A gaida Hajiya da yara.