Filin Masu Mota: Mota Mai Kujera Biyu a Zafin Sakkwato

Uku daga cikin wasiƙun wannan wata daga Sakkwato suka zo, kuma dukkansu a kan ƙananan motocin nan ne masu kujera biyu da aka ƙera domin gudu, waɗanda ake shigowa da su jefi-jefi ta Kwatano da Legas. Na haɗa su wuri ɗaya domin amsar kowace tana ƙara haske ga sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Wata huɗu ke nan da na sayi Nissan 350Z ƙirar 2004, 'yar Amurka, mai giyar hannu. Littafinta ya ce a zuba mata mai mai lamba 91, wani abokina kuma ya ce ai fetur ɗinmu ma 91 ne. Amma idan na taka ta da rana a babbar giya, musamman a hanyar Wamakko, nakan ji wata siririyar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, alhali da asuba ba na jin komai. An ba ni shawarar in riƙa gauraya man da na jirgin sama. Mene ne gaskiyar lamarin? (Mai karatu daga Mabera)

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Abokinka ba ƙarya ya yi maka ba, sai dai ya auna da mudun da ba na littafinka ba. Lambar da ake kira oktan ba ƙarfin mai take nunawa ba, juriyarsa take nunawa, wato yawan matsi da zafin da zai iya ɗauka a cikin silinda kafin ya fashe da kansa. Mu da Turai muna amfani da ma'aunin RON, Amurka kuwa da AKI, kuma mai iri ɗaya yakan nuna ƙasa da lamba 4 zuwa 5 a ma'aunin Amurka. Saboda haka 91 ɗin da ke littafinka ya yi daidai da 95 ko 96 a namu lissafin, shi kuwa fetur ɗin gidajen manmu, wanda iri ɗaya ne tak, yana wajen 91 ne a RON, kwatankwacin 87 na Amurka.

Injin motarka, VQ35DE mai lita 3.5 da silinda shida, yana matse iska da mai fiye da ninki goma kafin fulogi ya ba da wuta. Idan komai daidai ne, wutar takan bi gaurayen a hankali ta tura fistin ƙasa. Idan kuwa man ba shi da juriya, ragowar da ke gefen silinda sai ta fashe kafin wutar ta iso gare ta, kuma wannan fashewar ce kake ji. Ba ita ce abin da kanikawa ke nufi da "inji ya buga" ba, amma hanyar zuwa can ce, domin idan ta daɗe takan fasa gefen fistin inda rin ke zama, ko ta ƙona gaskit. Dalilin da ya sa ba ka jin ta da asuba shi ne iska mai sanyi ba ta saurin fashewa, ita kuwa iskar Sakkwato ta Afrilu da Mayu takan wuce digiri 40 tun kafin ta ratsa ɗakin inji mai zafi.

Motar tana da na'urar da ke sauraron wannan ƙara, kuma da zarar ta ji sai kwamfutar mota, wadda a gareji ake ce wa birenbos, ta jinkirta wutar fulogi kaɗan, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, amma injin ya tsira. Tunda ƙarar ta kai ga kunnenka, to ko dai kwamfutar ta kai iyakarta, ko kuma akwai wata matsalar da ta taru a kan ta mai: fulogin da ba nata ba, nozul da ya toshe, famfon mai da ya gaji, ko injin da ke ɗaukar zafi fiye da ƙima. Ka kai ta a jona mata na'urar bincike kafin ka sayi komai. Kamfanin Nissan da kansa ya rubuta cewa idan ba a sami mai mai babbar lamba ba, ana iya lallaɓawa da na 87 na ɗan lokaci, da sharaɗin kada a take totur har ƙasa. Wannan sharaɗin shi ne dokar tuƙinka a kullum: idan za ka ƙara wuta ko za ka wuce wata mota, ka sauko da giya tukuna, kada ka danne ta a giya ta biyar ko ta shida alhali injin yana juyawa a hankali.

Batun man jirgi kuwa, ina roƙonka ka bar shi. Man manyan jiragen da ke sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III dangin kananzir ne, kuma juriyarsa ta yi ƙasa da ta fetur nesa ba kusa ba. Wanda ƙananan jirage masu fistin ke sha yana da babbar lamba, amma akwai dalma a cikinsa, wadda ke kashe na'urorin auna hayaƙi da ke jikin salansa. Ƙananan kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa a shagunan kayan mota yawancinsu ba sa ɗaga tanki irin na motarka mai lita 76 da cikakkiyar lamba ɗaya, wasu kuma sukan bar jan datti a kan fulogi. Abin da ke hannunka shi ne ka tsaya ga gidan mai ɗaya da ke da yawan ciniki, ka guji man bumburutu da ya wuni a jarka cikin rana, wanda ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Masu mota ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan metanol ya shigo ƙasar nan ya lalata injuna. Kada kuma ka bari tanki ya sauka ƙasa da kwata, domin man ne ke sanyaya famfon da ke nitse a cikinsa.

TAMBAYA: Injiniya, ina da BMW Z4 ƙirar 2005. Bakanikena ya ce motar ƙasar sanyi ce, don haka a cire tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye, a fasa indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, a sa mata buɗaɗɗiyar matatar iska. Akwai kuma wanda ya ce zai sauya lissafin kwamfutarta ta ƙara doki, wato ƙarfin inji. Da wanne zan fara? (Mai karatu daga Arkilla)

AMSA: Alhaji, kada ka fara da ko ɗaya. Na fi jin zafin maganar tamostat, domin na ga injuna masu kyau da yawa da wannan al'adar ta kai su ƙasa. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa, sannan ya buɗe gaba ɗaya, kuma idan yana da lafiya ba ya sa mota tafasa ko da a tsakiyar bazara. Idan aka cire shi, da safiyar hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ci gaba da zuba mai da yawa, man ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. A injin M54 da ke motarka ma kwamfutar tana da hannu a aikin tamostat da na fanka, don haka taɓa su rikita mata lissafi ne.

Raunin wannan injin yana wani wuri dabam. Tankin ruwansa da gidan tamostat da bakunan lagireto duk roba ne, kuma roba mai shekara ashirin a zafinmu takan fashe ba tare da sallama ba. Gangar injin ta alminiyom ce, tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa kan silinda, har ta zare zaren kusoshin da ke riƙe da shi. Kuɗin da ka ware domin ƙarin doki, ka sa su a nan: sabon lagireto, tankin ruwa, famfon ruwa, tiyo da tamostat, a canza su gaba ɗaya a rana guda. Ka zuba ruwan sanyaya inji na gaske, rabi da rabi da tataccen ruwa. Duk mai shakka a kan ruwan rijiya ko na burtsatse ya leƙa gindin butar shayin da ta kwana biyu tana aiki, farin dattin da zai gani shi ne ke toshe lagireto.

Buɗaɗɗiyar matatar iska ƙara take bayarwa, ba ƙarfi ba. Tana zuƙar iskar ɗakin inji mai zafi, kuma tana barin ƙurar hunturu mai laushi ta wuce, ƙurar da ke cin rin da bangon silinda kamar sanfefa. Ka bar akwatinta na asali, ka riƙa canza matatar takarda da wuri daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Indomi kuwa, idan bai toshe ba, fasa shi ba zai ƙara maka abin a zo a gani ba sai wari da fitilar gargaɗi, kuma yana da kyau ka sani cewa akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, shi ya sa ake yawan ba da shawarar cire shi. Sauya lissafin kwamfuta a injin da ba shi da turbo yawanci gaggauta wutar fulogi ne, kuma an tsara shi ne bisa mai mai lamba 95 ko 98, wanda ba mu da shi. Idan kana son ka ji motar ta sauya a hannunka, ka sa tayoyi huɗu masu inganci waɗanda ba su tsufa ba, da shokozoba da birki masu kyau, domin a hanyar Gusau ko ta Illela, inda raƙumi ko garken shanu ko ɗan kabu-kabu kan fito ba zato, tsayawa ta fi gudu amfani.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciya ce, kuma na daɗe ina sha'awar irin wannan mota domin zirga-zirgar cikin gari. Wacce ce ba za ta mayar da ni 'yar gidan gareji ba? (Mai karatu daga Gawon Nama)

AMSA: Hajiya, a nan juriyar mota ba ta rabuwa da samuwar kayanta. Mazda MX-5, wadda aka fara ƙerawa a 1989, ita ce ta fi suna wajen rashin fitina, injinta ƙarami ne mai sauƙin gyara, sai dai kayan jikinta sai an aika Kano ko Legas, wani lokaci ma waje. Toyota MR2 Spyder, wadda aka yi daga 1999 zuwa 2007, tana ɗauke da injin 1ZZ mai lita 1.8, dangin na Corolla, wanda kowane bakanike ya sani, kuma ba ya tsananta buƙatar mai mai babbar lamba. Da ni ne, ita zan fara nema, amma ta 2003 zuwa sama, domin na farkon sun yi suna wajen shan baƙin mai. Ki sani kuma kusan ba ta da wurin ajiye kaya. Injin 350Z dangi ne da na Murano da Maxima, don haka kayansa ba sa wuya, amma kin ga abin da na faɗa wa mai tambaya na farko. Mercedes SLK rufinta na ƙarfe da matsin mai yake naɗewa, kuma idan ya fara yoyo masu iya gyaransa kaɗan ne.

Kowacce kika zaɓa, tsakaninta da ƙasa bai kai taƙi guda ba, don haka ki dubi layin gidanku da damina da tudun rage gudu da ke hanyar ofis kafin ki biya. Rufin yadi kuma yana buƙatar inuwa, rana takan cinye ɗinkinsa. Ki guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, domin da yawa daga Ingila da Japan suke fitowa, kuma aikin juyawar yakan taɓa birki da wayoyi. A ɗaga motar a duba ƙasanta saboda tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan Kanada da arewacin Amurka lokacin ƙanƙara. Ki je wurin dillali da sassafe, ki taɓa injin ki tabbata da sanyinsa kafin a tayar, ki tsaya a bayanta ki ga launin hayaƙin farko, sannan ki nemi a sake gwada ta da ƙarfe biyu na rana da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, idonki a kan gejin zafi.