Kafin ku zauna a manyan gidajen abinci na New York

Malam, iyayena za su zo New York a karon farko. Ina so in kai su inda za su ji an karrama su, amma ina tsoron alade da giya. (Wata baiwar Allah, Bronx)

Allah Ya yi miki albarka, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Gwada Le Bernardin, gidan abincin Faransawa da ke titi na 51 a Manhattan, inda Eric Ripert ke shugabantar masu girki. Kifi ne jigon abincinsu, kuma suna riƙe da taurari uku na Michelin, wato matakin ƙoli na yabon da kundin Michelin ke bai wa gidajen abinci. Amma kada ki saki jiki don an ce kifi, Faransawa sukan zuba giya a miya. Ki sanar da su tun lokacin kama tebur, ranar kuma ki maimaita wa mai kawo abincin. Sun saba, babu abin kunya. Ku je da rana, ya fi sauƙin kuɗi. Sai dai Baba zai iya kallon ɗan yankan kifin ya tambayi ina tuwo.

Wani a intanet zai sayar mini da teburin da ya kama. In saya?

A'a. Tun ƙarshen 2024 jihar New York ta haramta wa kafofin intanet irin wannan cinikin ba da yardar gidan abincin ba. Manhajojin kama tebur na Resy da OpenTable suna nan, ka kama da kanka.

Na ci na dala 100, aka kawo mini lissafin da ya kusa 150. Cutata aka yi?

Ɗan'uwa, kai ka cuci kanka da rashin tambaya, kuma wannan ne abin da ke ƙona mini rai game da mutanenmu. Kuɗin da ke jikin takardar abinci somin-taɓi ne. Harajin sayayya a birnin kashi 8.875 cikin ɗari ne, tukuicin ma'aikata kusan kashi 20, ka ga dala 100 ta doshi 129 tun ba ka ƙara komai ba. Sai a zo cikin ladabi a tambaye ka wane ruwa kake so, ka ji nauyin cewa na famfo, alhali kyauta ne kuma lafiyarsa ƙalau, a yi ta buɗe maka kwalabe. Sai a karanto maka abincin musamman na ranar da baka, ba a ambaci farashi ba, kai kuma girman kai ya hana ka tambaya. Mutumin da zai yi rabin awa yana ciniki a kan buhun shinkafa, shi ne zai yi gum don ya ga farin ƙyalle a kan tebur!

Ka duba takardar lissafi kafin ka ƙara tukuici. Idan kun kai mutum shida, wurare da yawa sun riga sun saka shi, gidan abinci na Per Se ma a cikin farashinsa yake. Haka kuma duk inda ka ga an rubuta naman Kobe da araha, ka ja da baya. Na gaskiyar daga shanun Tajima na lardin Hyogo a Japan yake fitowa, da takardar shaida mai lambobi goma. Ka ce a nuna maka.

Mai son ɗanɗana babban wuri ba tare da cin bashi ba ya jira Restaurant Week, wato lokacin da gidajen abinci ke rage farashi, da ake yi a hunturu da kuma lokacin zafi.

Wane gidan abinci ne ya fi fitowa da kyau a hoto?

Yaro, abinci za ka ci ko hoto? Je ka gadar Brooklyn, can ba a biyan ko sisi.